Zauren Goggo Mai Mai: Daga Man Ƙuli Zuwa Baƙin Mai

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata kusan duk zancen mai suke yi, kuma ban yi mamaki ba. Hunturu ya busar da fata, azumi ya ƙarato, kowace uwargida ta fara leƙa jarka tana lissafi. Saboda sababbin masu karatu, bari in sake faɗin ko ni wace ce. A Garwa aka haife ni, a gidan ƙuli. Dadarmu, Allah Ya jiƙanta, ta fi shekara talatin tana matsar gyaɗa, da kuɗin man nan aka yi mini makaranta har na karanci sarrafa abinci a Ngaundere. Na yi shekara 19 a ɗakin gwaji na wata masana'antar mai, yanzu kuma da na ajiye aiki ina zaune a 'yar rumfata a kasuwa, jarkoki hagu da dama. Yaran layinmu ne suka laƙaba mini Goggo Mai Mai, sunan ya bi ni har cikin mujalla. Ga tambayoyinku.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ngaundere: Goggo, barka da aiki. Man shanu mai ne, man gyaɗa mai ne, fetur ma mai ne. Me ya haɗa su? Kuma me ya sa manjan gidanmu yake daskarewa a nan, amma in na je hutu Garwa sai in tarar da shi ruwa tsululu?

Amsa: Ɗana, Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ba su suna ɗaya. Duk abin da ke da santsi a hannu, ya ƙi gauraya da ruwa, ya taso samansa, kuma wuta ta ci shi, mai ne a wurinmu. Sai dai gida biyu ne da ba su haɗa kaka ba. Gidan farko na man da ya fito daga tsiro ko dabba ne: gyaɗa, riɗi, angurya, kwakwar manja, kaɗanya, aduwa, nonon saniya. Ƙwayarsa, yadda masana ke zana ta, wani ɗan kai ne da ake kira gilisarin, da jela uku maƙale da shi. Cikin ɗan Adam ya iya tsinke jelolin nan ya mai da su ƙarfi, ƙarfin kuwa ba kaɗan ba, don giram ɗaya na mai kalori 9 yake bayarwa, na sitaci ko sukari kuwa 4. Gida na biyu na ƙarƙashin ƙasa ne, irin wanda Cadi ta fara turawa daga Doba a 2003, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 har bakin teku a Kiribi. Ita ma Cadin tana da matatarta a Jarmaya tun 2011. Ɗanyen man ƙasa in an dafa shi sai ya rarrabu gwargwadon nauyi, gas a sama, sai fetur, sai kananzir, sai gazuwal, wato dizal, can ƙasa man inji da kwalta. Wannan gidan ciki bai san shi ba, ba ya narkar da shi.

Daskarewa kuwa aikin jelolin nan ne. Wasu miƙaƙƙu ne kamar karan dawa, in ka tara su sai su kwanta jikin juna su yi dami. Wasu karkatattu ne kamar rassan ƙaya, duk yadda ka tara su ba sa haɗa jiki. Man da miƙaƙƙun suka rinjaya a cikinsa shi ke saurin daskarewa, irin su man shanu, man kaɗe, alayyadi da kitse, kuma su ne likitoci ke cewa a ci da awo. Manja kusan rabi da rabi ne. Shi ya sa sanyin Ngaundere, da take kan tudu sama da mita 1,000, yake kwantar da shi, zafin Garwa na watan Afrilu kuma ya tashe shi. Ka faɗa wa mutanen gida ba algus ba ne.

Tambaya daga wata uwargida a Marwa: Adda, uwar mijina ta hana a shigo da man angurya gidan, wai yana kashe wa maza ƙarfi, yana hana haihuwa. Ni kuwa da shi na saba tun a gidanmu. Shekara biyu da aurenmu ba mu samu rabo ba tukuna, yanzu duk idon gida ya koma kan kwalbar maina. Da gaskiya a maganar?

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya kawo rabo mai albarka. Maganar Hajiya tana da tushe, amma tushen ba a kwalbarki yake ba. Ki samu angurya guda ki fasa, ki tsaga ƙwayar da reza. Za ki ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. A cikinsu gosifol yake, dafin da auduga ke kare 'ya'yanta da shi daga ƙwari. A ƙasar Sin, a shekarun 1950, an lura haihuwa ta yi ƙaranci a wasu ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man angurya. A shekarun 1970 har aka gwada gosifol ga dubban maza a matsayin maganin tazarar haihuwa, daga baya aka watsar, saboda yana rage fotashiyam a jini, wasu kuma haihuwar ba ta dawo musu ba. Kin ga ashe tsofaffi ba ƙaga zancen suka yi ba.

Amma kalmar da za ki riƙe ita ce ɗanye. Ranar da na fara aiki, shugaban ɗakin gwaji ya ajiye mini kwalabe biyu a kan tebur. Ɗaya ja ce har ta yi baƙi, kamar shayin da aka manta a kan gawayi, ga wari mai hawa kai. Ɗayar garau, ana hango yatsa ta bayanta. Ya ce in faɗi sunan kowanne. Na ce wancan man juye ne na mota. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duk man angurya ne, wancan na shiga, wannan na fita. Tsakaninsu akwai wanki da ruwan zafi don a cire danƙo. Sai a zuba ruwan soda, irin ta sabulu, daidai awo, ita ce ke kama tsami da gosifol su dunƙule su ware, dunƙulen kuma masu sabulu ake kai wa. Sai a gauraya man da wata ƙasa mai shan launi a tace. Daga ƙarshe a busa masa tururi a rufaffen tankin da aka zuƙe iskarsa, zafi sama da digiri 200, wari ya tafi. Aikina ke nan shekara da shekaru, in ɗiba a kowane mataki in auna. Man da ya bi wannan hanya ya rabu da dafin.

Kamfanin Sodecoton, da aka kafa a 1974, yana tace man Diamaor a Garwa da nan Marwa, a Cadi kuma Cotontchad na yin nata a Mundu. Arewa ta daɗe tana cin wannan mai, ki leƙa kowace makarantar allo a unguwarku ki gani ko yara sun yi ƙaranci. Tun 2011 ma doka a Kamaru ta wajabta a ƙara bitamin A a tataccen man girki. Wanda za ki guje wa shi ne baƙin man anguryar da wani ya matse da ƙaramin inji ya kawo kasuwa ba tacewa.

Batun haihuwa kuwa, ku je asibiti ku biyu, a duba ki a duba shi, kada a bar ki ke kaɗai da ɗawainiyar. Hajiya kuma ki sayo mata man gyaɗa ki yi girkinta da shi, ba sai kun yi musu ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambaya daga wata mai tuya a Kuseri: Goggo, ƙosai da makala nake toyawa kullum safe a hanyar gadar Ngeli. Mai ya yi tsada. Sau nawa zan iya maimaita mai ɗaya? Maƙwabciyata ba ta zubarwa sam, sabo take ƙarawa a kan tsoho, ta ce ai wuta tana kashe komai.

Amsa: 'Yata, wuta tana kashe ƙwayar cuta, gaskiya ne, amma ita kanta wutar ce ke kashe man. Duk ɗorawa, zafi da iska da ruwan da ke fita daga ƙullu suna karya jelolin nan da na yi wa ɗalibi bayani, gutsattsarin su sake haɗuwa su zama wasu abubuwan da jiki ba ya so. Ba zan ba ki lamba ba, don kasko ya bambanta, wuta ta bambanta. Man ne zai faɗa miki da kansa. In ya yi duhu har ba kya hango gindin kasko, in kumfa ta taso ta ƙi kwanciya, in ya fara hayaƙi tun bai yi zafin tuya ba, in ya yi yauƙi a matsami ko ya bar danƙo a gefen kasko, in kin ci ƙosai kin ji maƙaƙi a maƙogwaro, to ya gama aiki. Alama biyu cikin waɗannan sun isa.

Ƙara sabo a kan wanda ya mutu kamar zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba, kafin azahar duk sun zama ɗaya. Kuma ki gaya wa maƙwabciyarki asara take yi ba ta sani ba, don tsohon mai ya fi shiga cikin ƙosai. Kaskonta na shanye mai, masu saye na matse ƙosai a takarda suna ɓata fuska.

Abin da ke tsawaita ran mai ba wuya gare shi ba. Kada ki bari ya kai ga hayaƙi. Zafin tuya wajen digiri 170 zuwa 180 ne, ke da ba ki da ma'auni ki ɗiga ƙullu kaɗan, in ya nutse ya taso nan take yana ƙyalƙyala to ya yi, in ya yi baƙi kafin ki juya shi ki janye itace. Ki riƙa tsame burbuɗin da ke yawo, su ne ke ƙonewa su baƙanta mai. In kin tashi, ki bari ya huce, ki tace da tsumma mai tsabta, ki rufe, ki ajiye a inuwa. Man kifi daban, man ƙosai daban. Wanda ya mutu kuma kada ki tuttular a kwata, masu haɗa sabulu suna saye. Don tuya ta sana'a tataccen mai ya fi jurewa. Man ƙuli ya fi ƙanshi, amma ki tuna an riga an toya ƙuli a cikinsa, kuma yana ɗauke da ɗan garin gyaɗa, shi ya sa yake saurin hayaƙi.

Tunda kullum kina gaban kasko, bari in nuna miki hannuna na dama. Ina da shekara goma sha ɗaya Dada ta bar mini kasko ta shiga salla. Na tsaya kallon 'yan gaɗa a ƙofar gida, da na waiwayo mai ya kama. Na suri moɗa na watsa masa ruwa. Wutar da ba ta fi kamu ɗaya ba ta yi tsalle ta kama rumfar zana, mai ya fallatso mini daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, ya tarar da zafin da ya ninka na tafasarsa, ya zama tururi a ƙiftawar ido, ya watso man sama da wutarsa. Murfi ake kifawa, ko babban faranti, a janye itace ko a kashe gas, a bar shi rufe har ya huce. Ƙunar kuma a ranar manja aka shafa mini, shi ya sa tabon ya yi zurfi haka. Ruwan sanyi ake ta kwararawa kamar minti 20, ba mai, ba ƙwai, ba man goge baki, sannan a nufi asibiti.

Tambaya daga wata uwa a Gidar: Goggo, ɗana mai shekara biyu ya sha kananzir da ke cikin kwalbar lemo. Muka ɗura masa manja ya yi amai, Allah Ya taimaka ya warke. Ashe dai da gaske manja maganin guba ne?

Amsa: 'Yata, Allah ne Ya tsare, ba manja ba, kuma don Allah kada ki sake. Kananzir a ciki bai kai haɗarin kananzir a huhu ba. Ba shi da kauri, ɗigo kaɗan in ya sarƙe yaro sai ya bazu cikin huhu ya ƙona shi. Amai kuwa shi ke dawo da shi maƙogwaro, inda hanyar numfashi take. Ɗurar manjan ita ma tana iya sarƙe shi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ba manja, ba madara, ba sa yatsa a baki. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti da kwalbar a hannu ko da yana wasa, don tari da haki kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Kananzir da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, kuma su bar zama a kwalbar lemo, yaro bai san bambanci ba.

Manja gurbinsa miya. Jan nan nasa karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai gyara ido. Masu dafa shi har ya yi fari, hayaƙi ya cika gida, alherinsa suke ƙonawa. Wanda kuma ya yi ja zur fiye da kima ki yi hattara da shi, akwai marasa tsoron Allah da ke zuba masa rinin da ake kira Sudan, na masana'anta ne, an haramta shi a abinci. Na kirki in kin murza a tafin hannu ruwan lemo yake bari, ba jan jini ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Pitowa: Hajiya, ina saro man gyaɗa a ƙauyuka ina kawowa kasuwar Lahadi. Jarkoki sun yi mini ƙaranci, wani mai gareji ya ce zai ba ni nasa da araha, in wanke da omo da ruwan zafi. Ya kika gani?

Amsa: Alhaji, araha ba ta ado. Roba tana shan abin da aka zuba mata. Ka wanke sau goma hancinka ya ce ta fita, amma man gyaɗa in ya kwana bakwai a ciki sai ya jawo abin da omo ya kasa, don mai shi ke narkar da ɗan'uwansa mai. Jarkar man inji, ta man birki, ta maganin feshin auduga, duk ba su da hanyar dawowa kicin. Ta maganin feshi ma ta fi muni, kuma ita ta fi yawa a ƙasarmu ta auduga.

A 1959, a Maroko, wajen birnin Maknas, wasu 'yan kasuwa sun sayi rarar man injin jirgin sama suka gauraya da man girki suka sayar wa talakawa. Mutum wajen 10,000 suka shanye, ƙafafu da hannaye, da yawa ba su sake tafiya daidai ba har suka koma ga Allah.  Na san kai ba gauraye za ka yi ba, amma ka ga irin abin da ke cikin man inji. Ka nemi jarkar da man ci ya fito a cikinta tun asali.

Tunda saro kake yi, ga wata dabara da na koya bayan an cuce ni. Wani ya taɓa kawo mini jarka shida, na ɗanɗana sama na biya, ashe kusan lita biyu na ƙasan kowacce ruwa ne da dagwalon tunkuza. Tun daga ranar nake ajiye siririyar tiyo mai haske. In zura ta har gindin jarka, in toshe bakin da babban yatsa, in zaro, duk abin da ke kwance a ƙasa sai ya fito fili. Sikeli ma na taimakawa: litar mai giram 920 ce ko ƙasa da haka kaɗan, ba kilo ɗaya ba, don haka jarkar lita 20 da man cikinta ya doshi kilo 20 tana da magana. Kuma ka daina jera kwalabe a rana don su yi ƙyalli, rana tana tsofar da mai.

Tambaya daga wani ɗan kilando, wato ɗan acaba, a Njamena: Mama, mene ne ma'anar 20W-50 da ke jikin galan? Kuma in na yi bidanj, wato juyen mai, tsohuwata tana karɓar baƙin man tana shafa wa yara a kan makero. Yana magani?

Amsa: Ɗana, lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, lokacin da ka ta da inji da asuba. Ta biyu tana nuna kaurinsa in inji ya yi zafi, a digiri 100 ake auna ta. In lambar ta yi sama, kauri ya yi sama. Zafi irin na Njamena shi ya sa kuka fi ganin mai 40 da mai 50, amma abin da littafin babur ɗinka ya ce shi ne gaba da maganar kowa. Ka duba alamar 4T da JASO MA a jikin galan, don yawancin babura kulocinsu a cikin mai yake wanka, wani man mota kuwa santsinsa yana sa kuloci zamewa. Ƙurar hunturu tana saurin kashe mai, kada ka jira sai ya koma kamar kunun kanwa. Ka sayi rufaffe, ka ga an ɓalle murfin a gabanka.

Baƙin mai kuwa, ka ba Mama haƙuri ka hana ta. Abin da ya baƙanta shi toka ce da garin ƙarfe da ragowar ƙonannen fetur, a cikinsu akwai masu jawo sankarar fata in ana yawan shafa. Makero naman gwari ne da ke shiga har gindin gashi, shi ya sa sau da yawa sai an haɗa da maganin sha na makonni kafin ya mutu. Baƙin mai rufe shi kawai yake yi a daina gani. Kai ma in ka gama juye ka wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Tambaya daga wata amarya a Lere: Goggo, faso da kaushi sun dame ni. Man kaɗe ko basilin? Kuma an ce in ba jaririn yayata man darbejiya don tsutsar ciki.

Amsa: Amarya, duk biyun suna aiki in kin san lokacin shafawa. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi. Ki shafa da fitowarki wanka, jiki da sauran danshi. Ƙafa kuma ki jiƙa ta da dare, ki goge da dutse, ki cika fason da mai, ki sa safa. Basilin daga man ƙasa yake, wani Ba'amurke Robert Chesebrough ya yi masa rajista a 1872, amma an tace shi tas, shi ya raba shi da baƙin man da na hana a sama. Ni dai man kaɗe na fi so, yana narkewa da ɗumin jiki, kuma ku da kuke Cadi ga na matan Kumra a kusa. In ƙanshinsa ne bai yi miki ba, ki narkar da shi a kan ruwan zafi ki ɗiga turarenki.

Man darbejiya kada ya kusanci bakin jariri, ko cokali ɗaya. An sha ganin ƙananan yara sun kama amai da jijjiga har da suma bayan an ba su. Wurinsa sabulu, da buhun wake, inda rabin ƙaramin cokali a kilo ɗaya ke hana ƙwari.

Tambaya daga wani dattijo a Garwa: Hajiya, kin hana wannan kin hana wancan. Ɗana ya aiko mini man zaitun ya ce in bar na gyaɗa, wai da kwalastarol. Ke wanne kike ci a gidanki?

Amsa: Baffa, Allah Ya ƙara girma. Zaitun itace ne mai albarka, Alƙur'ani ya ambace shi a Suratun Nur, ka ci abinka ka sa wa yaro albarka. Amma kwalastarol a kitsen dabba yake, da man shanu da ƙwai. Man gyaɗa ba ruwansa da shi, haka na riɗi da na angurya, masu rubuta hakan a jikin kwalba tallar abin da kowa ke da shi suke yi. Man gyaɗa ma ɗan'uwan zaitun ne na kusa, irin jelar da ta fi yawa a wannan ita ta fi yawa a wancan. Yawan da ake kwarara wa miya shi ne abin dubawa.

A gidana kwalba uku ce. Tatacce na tuya. Manja na miyar da ta neme shi. Sai man ƙuli, wanda har gobe ba na sayen na kowa sai na wata tsohuwa da na ga yadda take tsince gyaɗarta. Haka Dada take yi. Kafin gyaɗa ta ga kasko sai ta baza ta a faifai ta fitar da duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi funfuna, tana cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Sai da na je Ngaundere na ji sunan abin da take gudu, afalatoksin, dafin funfuna mai lalata hanta, wanda wutar tuya ba ta kashewa. Ita ba ta san sunan ba, ɗacin lalatacciyar gyaɗa ta sani.

In an dawo da niƙa sai ta juye a turmi, ta ɗora ruwa a wuta. Tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, mu muna juya taɓarya, hannu ya gaji ba ka ga komai ba, har ka ce yau gyaɗar ba ta da mai. Can sai ƙullun ya fara ƙyalli, ya tattare ya saki jikin turmi, mai ya tsattsafo ta gefe kamar gumi a goshi, kafin ka ankara ya taru ana kwasa da ludayi. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, amma hannu ba ya fitar da shi duka, saura na cikin tunkuza, shi ya sa ƙulin gida ya fi na inji daɗi.

Akwai ta huɗu da ban lissafa ba, don likitana yana karanta mujallar nan. Wata 'yar kwalba ce ta soyayyen man shanu da albasa, da wata Bafulatana ke kawo mini daga hanyar Lagdo. Ranar Juma'a kaɗai nake buɗe ta, in an sauke tuwon dawa da miyar kuka, cokali ɗaya. Jikata ce ke riƙe da cokalin, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan.